Ƴan lakwal da awon ruwan sama a ƙasar Arewa

Duk wanda ya saba sauraren Muryar Sahel cikin damana ya san lokacin nan da mai ba da labari ke jero sunayen garuruwa, kowane da yawan ruwan da ya samu: gari kaza milimita 12, gari kaza milimita 35. A Dogon Dutsi da Matankari, a Tibiri da Gesheme, manoma kan yi tsit su ji ko za a ambaci nasu. To amma da yawa cikin masu sauraren nan ba a taɓa gwada musu ko mene ne milimita ba, suna ɗaukarsa lissafin ma'aikata ne kawai. Bugu da ƙari, manomin Dogon Kiriya da ya ji an ce Dutsi ta sami milimita 35 bai ƙaru da kome ba game da gonarsa, domin mai yiwuwa ne shi ko yayyafi bai gani ba.

Wannan giɓi ne ɗan lakwal ke iya cikewa, da gwangwani da sandar awo da kaye guda. Aikin ba sabo ba ne a duniya. Tun shekara ta 1995 akwai wani tsari da ake kira GLOBE, wanda ya faro daga Amurka, inda ƴan makaranta na ƙasashe fiye da 100 ke auna ruwa da zafi da gajimare a farfajiyar makarantunsu, kuma Nijar ta shiga cikinsa a shekara ta 2005. Wajen manya kuwa, ƙasar Mali ta fara koya wa manoma awon ruwa tun shekara ta 1982, sa'an nan daga 2008 ƙungiyar duniya mai kula da yanayi ta yi ta shirya tarurrukan ƙauye a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da tamu, ana raba wa manoma ƙaramin ma'auni na roba. A jahar Doso ma, aikin ANADIA, na haɗin gwiwar hukumar meteyo ta ƙasa da masanan ƙasar Italiya, ya kai irin wannan horo Kiyeshe da Gesheme. Abin da ya rage shi ne makarantar ƙauye ta ɗauki aikin ya zama nata, ko da an kawo kayan aiki daga Yamai ko ba a kawo ba.

Mene ne milimita?

Jama'a masu karatu, a ce ruwan da ya sauko bai nutse cikin ƙasa ba, bai gudana ba, rana kuma ba ta sha shi ba. Zai kwanta bisa ƙasa kamar shimfiɗa, kuma kaurin wannan shimfiɗa shi ne ake aunawa. Milimita 10 santimita guda ke nan. Milimita 20 kuwa bai wuce faɗin babban yatsa ba, abin da in mutum ya gani cikin gwangwani zai rena shi. Amma milimita guda lita guda ce bisa kowace mita murabba'i, watau lita 10,000 bisa hekta guda, tano 50 ke nan na lita 200. Saboda haka ruwan nan mai faɗin yatsa, in ya sauka bisa gona mai hekta guda, tano 1,000 ne cur. A ce rufin kwano na aji yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 7: wannan ruwa zai zubo da lita 1,400 ta indararo, tano 7. Ga lissafin da yaron aji biyar zai yi da murna, domin ya ga tano, ya ga rufin, ya kuma ɗebi ruwan da hannunsa.

Ma'aunin kansa ba shi da wuya. Ana neman gwangwani miƙaƙƙe, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, irin babban na tumatir ko na madara, a yanke murfin sarai kada a bar baki mai lanƙwasa. Ƙwarya ko bokiti ba su yi, domin bakinsu ya fi gindinsu faɗi, sai su nuna ruwa fiye da wanda ya sauko. A kafa turke mai tsawon wajen mita guda a fili, a ɗaure gwangwanin bisa kansa tsaye cak, bakinsa ya ɗara turken. Ka'idar masana ita ce nisansa da itace ko gini ya kai aƙalla ninki biyu na tsawon abin. Cikin Dallol Mawri, inda gawo ya yi yawa, yara kan ce ai gawo ba shi da ganye da damana, me zai tare? Rassansa na tarewa, kuma suna ɗigo bayan an ɗauke ruwa, don haka shi ma a nisance shi.

Akwai wani ɗan tarko da ya kamata malami ya lura da shi. Sandar awo ta aji ba daga bakinta sifiri ke farawa ba, akwai ɗan fili da aka bari, in an tsoma ta haka nan sai a ci wa ruwan milimita uku ko huɗu. Abin da ya fi shi ne a tsoma busasshen tsinke miƙaƙƙe har ƙasa, a fid da shi, a aza wurin da ya jiƙe bisa sandar awo. Ajin da ke son ya gane ƙaramin ruwa kuwa sai ya nemi siririyar kwalba miƙaƙƙiya. A zuba ruwa cikin gwangwani daidai milimita 10, a juye cikin kwalbar, a yi zane inda ya tsaya, a sake zuba wani 10 a yi zane na biyu, sa'an nan a raba tsakanin zane da zane gida goma. Da yake kwalbar siririya ce, milimita guda zai yi tsawon da ido ke gani sosai. Ana duba ma'auni kowace safiya a sa'a guda, a ce ƙarfe 8, tun rana ba ta sha ruwan ba, a rubuta, a zubar.

Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. A ƙasar Koriya, cikin shekara ta 1441, zamanin Sarki Sejong, an ƙera irin wannan mazubi miƙaƙƙe, a shekara mai bi aka rarraba shi ga jihohi, aka ɗora wa hakimai aiko da lissafin ruwa fada. Na ma'aikatan meteyo na yau ya fi gwangwani kyau da daidaito, amma hikimar ita ce dai waccan.

Ranar shibka

Ga inda maganar ta daina zama darasin aji ta koma maganar rumbu. Ruwan da ƙasar Dogon Dutsi ke samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 400 da 600, yana raguwa in an nufi Sukukutan da Dogon Kiriya, yana ƙaruwa in an gangara Tibiri da Dumega, har a kai Gaya mai samun wajen 800. Kusan dukansa cikin wata huɗu yake sauka. Manomi ba shi da iko da yawansa. Abin da ke hannunsa shi ne ranar da zai fid da iri, kuma nan ne ake yawan hasara. Ruwan fari ya sauka cikin watan Mayu, gari ya ɗauki ƙamshin ƙasa, kowa ya saɓi sungumi, hatsi ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, iska mai rairayi ta bizne ɗan tsiron ko rana ta ƙone shi. A sake shibka, wani lokaci har sau uku, alhali kuwa irin da ake zubawa daga bakin iyali aka rage shi, ko bashi aka ciwo.

Wani masani mai suna Sivakumar, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai, ya bincika lissafin ruwa na shekaru masu yawa, ya fid da wata ka'ida a shekara ta 1988. Bisa ga ka'idar, damana ta kama ne ranar da, bayan 1 ga watan Mayu, aka tara aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana 30 masu biyowa ba a yi fiye da kwana 7 babu ruwa ba. Rabin farko na wannan ka'ida gwangwani ke faɗinsa da safe. Rabi na biyu ba wanda ya san shi ranar shibka, sai dai a dogara ga hasashen da rediyo ke bayarwa da abin da shekarun baya suka nuna a wannan ƙauye. Duk da haka rabin farkon ma ba ƙaramin abu ba ne. Ruwan dare mai iska da tsawa yakan ruɗi mutum ya zaci an yi mamako, da safe a tarar milimita 8 ne.

Dattawan Arewa suna da nasu awo: su tona ƙasa da hannu su ga inda danshi ya tsaya. Wannan awo ne na gaskiya, kuma bai kamata ɗan lakwal ya zo yana gyara wa kakansa zama ba. Abin da ya dace shi ne a gama biyun. Duk safiyar da aka yi ruwa, bayan an duba gwangwani, yara su tona jigawa su auna zurfin danshi, su tona fadama, su je fako su gani. A jigawa milimita 20 kan jiƙa kusan taƙi guda, a fako kuwa yawancinsa gudu yake yi. Bayan damana guda ƙauyen zai sami abin da babu shi cikin kowane littafin Yamai, watau fassarar milimita da harshen ƙasarsa. Haka kuma in damana ta makara har Yuli ya shigo, kayen zai taimaki mai gida ya yanke shawara ko ya bar maiwa ya koma ga iri mai saurin nuna, kamar HKP na cibiyar INRAN da ke kai wa cikin kwana 80 zuwa 90, ko ya ƙara wa wake fili.

Me ya sa ba za a wadatu da ma'aunin babban gari ba? Daga shekara ta 1990 masu bincike sun kafa ma'auni wajen 100 a kewayen Yamai, cikin aikin da aka kira EPSAT-Nijar, suka tabbatar da abin da kowane manomi ya sani: ƙauyuka biyu da ke jin kiran sallar juna kusan, ɗaya na iya ƙoshi ɗaya na roƙon ruwa cikin shekara guda. Tauraron ɗan Adam na Meteosat, wanda aka harba na farkonsa a 1977, yana ganin hadari daga sama, amma ƙiyasi yake yi, kuma da ma'aunin ƙasa ake gyara ƙiyasinsa.

Iska, laima da hadari

Bayan gwangwani, abin da ya fi amfani shi ne manunin iska. Kibiya ce ta kara ko ta falange, mai faɗin wutsiya, bisa ƙusa a kan dogon sanda, tana juyawa, kanta na fuskantar inda iska ta fito. In babu ita ma, tutar makaranta ta isa. Yaran da suka rubuta wajen iska kowace safiya daga Oktoba zuwa Yuni za su ga babban al'amari da idonsu. Duk tsawon ɗari iska daga arewa maso gabas take fitowa, busasshiya mai hazo. Wajen Afrilu zuwa Mayu sai ta fara jujjuyawa, yau nan gobe can, har ta zauna kudu maso yamma, ta zo da laimar teku. Iyakar da ke tsakanin iskokin nan biyu ita ce ma'aikatan meteyo ke bin sawunta kullum, domin ruwa a bayanta yake, kuma sai ta wuce mu zuwa arewa da nisa damana ke zaunawa.

Nan yaro mai wayo zai ɗaga hannu ya ce: in laima daga yamma take zuwa, don me hadari ke tasowa daga gabas? Amsa ita ce iska hawa-hawa ce. Ta ƙasa, wadda tuta ke gani, ita ke kawo laima. Can sama kuwa akwai wata mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke tura manyan hadarurruka a jere, da gudun wajen kilomita 50 cikin sa'a guda. Wannan kuwa yana da amfani nan take. Hadarin da ya bugi Birnin Ƙonni, in bai watse bisa hanya ba, yana iya isowa Dutsi bayan sa'a biyu zuwa uku, ga kuma salula a aljihun kowa. Makarantu biyu da suka yi alkawarin kiran juna sun riga sun fara hasashe. In hadarin ya matso kuma, yara su ƙidaya daƙiƙa tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowace daƙiƙa 3 kilomita guda ce. In lissafin na raguwa, a bar gindin itace, a kori dabbobi gida.

Laimar iska ana gane ta da tarmomita biyu, kuma su kam sai an saya ko an roƙa, domin na kwalba da ruwa mai launi da yara ke haɗawa hawa da sauka kawai yake nunawa, ba ya ba da lamba. A rataye su a inuwa inda iska ke ratsawa, a naɗe gindin ɗaya da ƙyalle mai jiƙe. Mai ƙyallen zai nuna sanyi fiye da ɗan uwansa, kamar yadda ruwan randa ke sanyi saboda tsatsafar da iska ke sha. Cikin watan Maris tazarar na da girma ƙwarai, cikin Agusta kuwa kaɗan ce. Ranar da tazarar ta fara tsukewa, tuta kuma ta juya, to laima ta shigo, ko da sama wasai take.

Akwai abu guda da littattafan da aka rubuta don yaran Faransa ke yawan koyarwa, wanda a ganina ɓata lokaci ne a ƙasarmu, watau ma'aunin nauyin iska na kwalba da robar balan-balan da tsinke. Can wajensu nauyin iska na faɗuwa sosai kafin ruwa, shi ya sa tun da Toriceli ya ƙago ma'aunin a 1643 suke dogara gare shi. Nan kuwa canjinsa kaɗan ne, yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana ko da hadari ko babu, ita kuma kwalbar zafin rana take bi. Malamin da ya sa yara su yi hasashe da ita kunya zai sha. Gara ya ajiye faranti mai zurfi cike da ruwa a fili cikin watan Afrilu, a rufa shi da raga saboda kaji, yara su ga yadda rana da iska ke shan wajen santimita guda a yini. Daga nan za su gane abin da ke cin Tabkin Sau da sauran tabkunan da masu garka ke dogara gare su.

Hasashen kansa kuwa da gwaji ake koyonsa. Kowace safiya aji ya duba tuta da gajimare da tarmomita, ya rubuta bisa allo abin da yake tsammani gobe, gobe kuma a duba a sa alama. A ƙarshen wata a ƙidaya sau nawa aka dace. A sa alamun dattawa cikin gwajin, zuwan shamuwa, kukan kwaɗi, zafin dare mai hana barci, a ga wanne ya fi cika. Ƙasar Arewa ba baƙuwar neman sanin damana ba ce, tun zamanin da ake zuba ido ga abin da zai fito daga Lugu da Bagaji. Yaron da ya yi wannan ƙidaya zai fahimci cewa hasashe ba duba ba ne, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba, ƙiyasi ne bisa alamu, yana dacewa yana kuskurewa. Zai kuma iya yi wa ubansa bayanin sanarwar da masanan cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a Yamai a 1974 bayan babban farin nan, da na ACMAD da na ƙasashe maƙwabta ke fitarwa kafin kowace damana tun shekara ta 1998. In sun ce ana sa ran ruwa fiye da yadda aka saba, rinjaye suke nufi bisa yanki mai faɗi, ba alkawari suka yi wa gonar wane ba.

Wa zai riƙe kaye cikin Agusta?

Ga matsalar da ba a cika faɗi ba. Makaranta na buɗewa cikin Oktoba, ta rufe ƙarshen Yuni. Watau daidai lokacin da damana ta kankama, aji a kulle yake, malami ya tafi garinsu hutu, yara suna gona. Yuli da Agusta, masu ɗauke da mafi yawan ruwan shekara, ba kowa a farfajiya sai awaki. A shekara ta 2024 ma, da ambaliya ta yi ɓarna a ƙasa, sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Lissafin ruwa mai rami a tsakiya kuwa ba shi da amfani ga kowa. Masana sai sun tara shekara 30 a jere kafin su ce ga abin da wuri ya saba samu, kuma abin da ya fi kashe hatsi, watau kwanakin da ba a yi ruwa ba, ba a ganinsu sai in an rubuta sifiri kowace ranar da gwangwani ya kwana a bushe. Gurbin da aka bari fari ba a san ko fari aka yi ko mantuwa ba.

Nan ne aikin ya faɗo hannunku, ku da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci. Kuna cikin gari damana duka, kun iya rubuta kwanan wata da lamba, kuma ku ne masu gonakin. Tun kafin a rufe makaranta ya kamata malami ya zauna da mai gari a zaɓi mutum biyu, namiji da mace in da hali, domin in ɗaya ya tafi cin kasuwa ko ya kwanta ciwo ɗayan ya duba. A haɗa su da yara biyu ko uku na babban aji waɗanda gidajensu ke kusa. In farfajiyar makaranta ta yi nisa, a mai da turken wani fili kusa da gida, a kewaye shi da ƙaya nesa kaɗan saboda dabbobi, a rubuta ranar da aka mai da shi. Kayen a tsaga shi gida huɗu da Hausa: kwanan wata, milimita, lokacin da ruwa ya fara da lokacin da ya ɗauke, da abin da aka gani. Gida na uku na da muhimmanci a gari irin Dutsi da duwatsu suka kewaye, domin milimita 40 da ya sauka cikin rabin sa'a shi ke cika ƙoramu ya shiga gidaje, alhali 40 na dare guda ƙasa ke shanye shi.

Ga ma'aikata kuma, na gona da na ilimi da na ƙananan hukumomi goma na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, abin da ake nema gare su bai kai kuɗin man mota na rangadi guda ba. Malamin gona ya kawo ma'auninsa na hukuma ya kafa kusa da gwangwanin makaranta na ɗan lokaci, a ga ko suna tafiya tare. Ya karɓi lambobin kowane kwana goma, tun da bisa kwana goma-goma ake tsara rahoton damana na ƙasa. Sa'an nan ya mayar da amsa, ko da ta rediyon gari ce, a ambaci sunan ƙauyen da yawan ruwansa, domin mutumin da ya yi wata uku yana aika lamba bai taɓa jin inda ta shiga ba zai daina. Ranar da aka koma makaranta, mai riƙon kaye ya kawo shi aji da kansa, yara su tara jimillar kowane wata bisa allo, su nemo kwanaki mafi tsawo da aka yi babu ruwa, su tambayi iyayensu dami nawa kowace gona ta bayar, a rubuta a shafin ƙarshe. Sa'an nan a kwafe kayen gida biyu, ɗaya ya zauna wajen darektan makaranta, ɗaya wajen mai gari, cikin akwatin ƙarfe saboda gara.